Mudu Biyu a Gida Ɗaya

Mu da muka rubuto wannan miji da mata ne, mazaunan wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, cikin ƙasar Ngaski. Mun haura shekara 40 da aure. Ba za mu faɗi sunan ƙauyenmu ko na majami'armu ba, gama ba ƙarar kowa muka kawo ba. Ƙarar kanmu muka kawo.

Duk wanda ya saba cin kasuwar Wara ko ta Yelwa ya san akwai ma'auna masu mudu biyu. Babban na saye ne, ƙaramin na sayarwa, wani ma an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutumin Allah ajiye irin waɗannan a gidansa. Mun daɗe da sanin wannan aya, muna kuwa ƙyamar masu yin haka. Ashe mu ma muna da mudu biyu, da su muke auna Maganar Allah. Idan aya ta faɗa kan wani, sai mu cika masa har ya zube. Idan ta faɗa kanmu, sai mu ɗauko ƙaramin. Mutum biyu na gidanmu ne suka sha wahalar wannan awo, labarinsu kuma za mu ba ku.

Gwaggo da Littafinta

A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taso ya cinye gungaye da gonakin albasa da tsohon garin Bussa. Mutum fiye da 40,000 suka tashi, aka mai da su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti a kan tudu. Muna yara a lokacin. Masu bi na tsohon ƙauyenmu suka rarrabu, mai bisharar da yake kiwonmu ya bi wani kashi zuwa wani wuri. Gida biyar na masu bi ne suka sauka inda muke yanzu, a cikinsu duka kuwa mutum ɗaya ne ya iya karatu sosai. Ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigida, gwauruwa mai 'ya'ya uku. Wata baturiya 'yar mishan ce ta koya mata.

Tana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, naɗe cikin tsumman zane. Kowace Lahadi sai ta tara mu a gindin tsamiya, ta karanta, ta fassara da harshen gida domin tsofaffi, ta yi addu'a. Maza masu furfura suna zaune a tabarma suna saurare. Ita ce take zuwa wurin marasa lafiya, ita ce take karatu a bakin kabari. Shekara tara ana haka, ba wanda ya ce uffan. Da maraice kuma ta koya wa yara baƙi da wasali. Idan yaro ya tsaya a tsakiyar magana domin ya gaji, takan ce, "Ci gaba, ɗana, mai maganar bai gama ba."

Daga baya ekklesiya ta yi girma. Aka yi ginin kwano, aka aiko mai bishara, aka zaɓi dattawa. Wata rana Gwaggo ta tsauta wa ɗaya daga cikin dattawan a gaban jama'a, domin ya doki matarsa har ta kasa zuwa sujada. A taro na gaba sai aka buɗe 1 Korantiyawa 14:34 da 1 Timoti 2:12, inda aka yi maganar shirun mata cikin taro da hana su koyar da maza. Aka yanke cewa kada ta ƙara tsayawa a gaba. Maigida ne magatakarda a lokacin, da hannunsa ya rubuta hukuncin. Dattijon kuwa aka yi masa magana a keɓe, ya ci gaba da raba Jibin Ubangiji.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta koma Zumuntar Mata da ajin yara. Amma bari mu tambayi kanmu: cikin shekara taran nan, ina ayoyin suke? Suna nan cikin Littafin da take karanta mana. Ba mu gan su ba sai ranar da bakinta ya taɓa namiji.

Da mun ci gaba da karatu yadda ta koya mana, da mun ga abubuwa da yawa. A sura ɗin nan ta 1 Timoti, aya 8 ta umarci maza su yi addu'a ba tare da fushi ko jayayya ba. Aya 9 ta yi maganar kitso da zinariya da tufafi masu tsada. Wannan kam mun ce al'adar Afisa ce, matanmu suka ci gaba da kitso da anko. Aya uku a gaba sai muka ce doka ce har abada. A 1 Korantiyawa 11:5 Bulus ya nuna mata suna addu'a da annabci. A Romawa 16 ya yaba wa Fibi mai hidima a ekklesiyar Kankiriya, ya gai da Biriskila abokiyar aikinsa, wadda ita da mijinta suka ƙara wa Afolos fahimta (Ayyukan Manzanni 18:26). Debora ta yi wa Isra'ila shari'a. Sa'ad da aka sami Littafin Shari'a a zamanin sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda manyan ƙasa suka tafi neman bayani. A ranar ɗaurin aure kuma mukan ɗaga murya a Afisawa 5:22, inda aka ce wa mata su yi biyayya. Aya 21 da ta ce a yi wa juna biyayya, da aya 25 da ta ɗora wa miji ƙauna irin wadda ta kai Almasihu ga gicciye, sai mu bi ta kansu da sauri.

Tarihinmu ma shaida ne a kanmu. Tun da mishan na UMS ya buɗe aiki a Salka a 1923, mata da yawa suka yi aikin koyarwa da jinya da bishara a ƙasar Kambari da kewaye. A ƙasar Takum, Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe tana wa'azi da koyar da maza har ta rasu a 1933, alhali ekklesiyar da ta fito daga cikinta a Amurka ba ta yarda mace ta hau bagadi a lokacin ba. Kakanninmu sun karɓi Magana daga bakin farar mace, mu kuwa muka rufe bakin tamu. Har wa yau masu girmama Littafi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Ekklesiyar Angilika a Kenya da Uganda tana naɗa mata limamai, ta Nijeriya ba ta yi. Ba mu ce kowace ekklesiya ta bar tsarinta ba. Amma abin da muka yi wa Gwaggo ba tsari ya sa mu ba, kare mutuncin namiji ne.

Ɗan da muka kora

Na biyun ya fi mana wuyar faɗa. Yayar uwargida ta rasu ta bar yaro ɗan shekara huɗu, muka ɗauke shi. Yana kiranmu Baba da Inna. Yaro ne mai hankali, mai son girki da waƙa, ba ya shiga kokawa da sa'o'insa. Tun yana ƙarami yara suke yi masa ba'a suna kiransa ɗan daudu. Shi ne yake jan Gwaggo zuwa majami'a bayan idanunta sun mutu.

A 2014, yana da shekara 24, muna ta matsa masa ya yi aure. Wani dare ya sami uwargida a madafa ya durƙusa. Ya ce, "Inna, tun tasowata ban taɓa jin sha'awar mace ba, zuciyata ga maza take karkata. Na yi azumi, na yi kuka ga Allah, abin bai tafi ba. Kada ku sa in cuci 'yar mutane. Ki yi mini addu'a." Bai ce ya aikata kome da kowa ba, ba wanda kuma ya kama shi da kome. Uwargida ta gaya wa maigida. Maigida ya gaya wa wani dattijo, wai domin a taya mu addu'a. Kafin Lahadi ta zagayo, har masu wankin kaya a bakin ruwa sun ji.

Lokacin kuwa ƙasa ta yi zafi. A watan Janairu na shekarar shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A watan nan kuma taron jama'a suka yi ta jifan wata kotu a Bauchi da duwatsu, suna neman a kashe waɗanda ake tuhuma da luwaɗi. Samarin ƙauyenmu, Kirista da Musulmi, suka soma maganar sanduna. A majami'a aka karanta Littafin Firistoci 18:22 da labarin Saduma, kowa yana waiwayen bencinmu.

Da dare muka ba shi kuɗin mota muka ce ya tashi kafin gari ya waye. Mun gaya wa kanmu domin ransa muka yi. Amma maigida ya ƙara da cewa kada ya sake taka gidan nan. Wannan kam domin sunanmu ne.

Da safe Gwaggo ta yi ta kira ba wanda ya zo ya ja ta. Da ta ji abin da ya faru sai ta aika a kira maigida, ta ce ya zo da Littafi. Ta ce, "Ɗana, karanta mini abin da ka dogara a kai." Ya buɗe 1 Korantiyawa 6:9, ya karanta har inda aka ambaci maza masu kwana da maza, ya rufe. Ta ce, "Ci gaba, mai maganar bai gama ba." Ya karanta aya 10. Ga ɓarayi, ga mashaya, ga masu kwaɗayi, ga masu zage-zage da ɓata suna, ga masu zamba, duka cikin jeri ɗaya. Ta ce, "In za a kori dukan waɗannan kafin gari ya waye, mutum nawa za su zo sujada ran Lahadi? Wa ya kai asirin yaron nan bakin ruwa? Buhu nawa ka ba masunta da damina, nawa za su biya ka da kaka?"

Maigida ya yi shiru, gama buhu ɗaya muke bayarwa mu karɓi biyu. Ta ce ya karanta aya 11, inda Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa waɗansunsu haka suke dā, amma an wanke su. Ta sa ya buɗe Romawa 1 daga aya 26, ya bi ta kan hassada da tsegumi da girmankai da rashin tausayi, har ya shiga farkon sura 2, inda Bulus ya juya kan mai yanke wa wani hukunci ya nuna masa ba shi da hujja. Ta ce, "Manzo ya haƙa ramin ne domin mai nuna yatsa." Ta kuma tuna mana Ezekiyel 16:49, inda aka lissafta girmankai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta cikin laifofin Saduma. Mun ji, amma ba mu aika a nemo shi ba. Gwaggo ta rasu bayan shekara biyu tana tambayarsa.

Maganar tarwaɗa

Wani zai ce, to, ai kowa yana zaɓe cikin Littafi. Gaskiya ne, ba kowane zaɓe ne son zuciya ba. Littafin Firistoci 11 ya hana cin kifin da ba shi da ɓawo a jikinsa. Ke nan tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa duk haram ne, sai karfasa da giwan ruwa da irinsu. Sura 19:19 ta hana shuka iri biyu a gona ɗaya, mu kuwa gero da wake tare muke shuka su. Ba mu yi laifi ba, gama muna da dalili. A Markus 7 Yesu ya tsarkake dukan abinci, a Ayyukan Manzanni 15 manzanni suka sauke wa al'ummai nauyin dokokin Yahudawa, suka riƙe 'yan abubuwa kaɗan, har da guje wa fasikanci. Wannan ƙa'ida ce, ana iya faɗinta a fili a gaban kowa.

Amma wace ƙa'ida ce ta ce a riƙe sura 18 da ƙarfi, a manta da 19:13 da ta hana kwana da ladan ma'aikaci, da 19:16 da ta hana yawon tsegumi, da 25:36-37 da ta hana cin riba a kan ɗan'uwa matalauci? Waɗannan ba Sabon Alkawari ne ya sauke su ba, mu ne muka sauke wa kanmu. Masu son a zartar da hukuncin kisa na 20:13 su duba aya 10 ta surar, hukunci ɗaya ne a kan mazinaci da mazinaciya. Mun kuwa san abin da Ubangiji ya yi ranar da aka kawo masa mace ita kaɗai, ba a kawo namijin ba (Yohanna 8). Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Irin wannan karatu ya taɓa kai ekklesiya ga babbar kunya. A Amurka masu bayi sun riƙe Afisawa 6:5, har Baptis na kudancin ƙasar suka ware a 1845 a kan maganar bauta. Sai a 1995 babban taronsu ya nemi gafara. Su ma suna da aya a hannu.

Ekklesiyoyinmu suna koyar da cewa aure tsakanin namiji ne da mace, bisa ga Farawa 2:24 da Matiyu 19. Ba domin mu rushe wannan muka rubuto ba. Akwai ekklesiyoyi a Turai da Amurka da suka karanta ayoyin ta wata hanya dabam, abin ya raba kan masu bi ƙwarai. A 2024 ya tsaga ekklesiyar Metodis ta UMC a Nijeriya gida biyu, har aka yi asarar rayuka a jihar Taraba tsakanin 'yan'uwa masu Littafi ɗaya. Amma ko masu riƙe da koyarwar dā sun san da sauran magana. A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop na Angilika, na Afirka a gaba-gaba, suka ce aikin luwaɗi bai dace da Littafi ba. Cikin takarda ɗayan nan kuma suka yi alkawarin sauraron irin waɗannan mutane, suka tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu, suka yi tir da tsoronsu marar dalili. Rabin farko ya zaga duniya, rabi na biyu kaɗan ne suka ji shi.

Ranar Wara

Ran 26 ga Mayu 2021 wani babban jirgin ruwa ya tsage ya nutse kusa da Wara, cike da 'yan kasuwa da mata da yara. Mutane masu yawan gaske suka halaka. Uwargida takan bi irin waɗannan jirage da kayan sayarwa, ranar kuwa ta tafi da sassafe, wayarta ba ta shiga. Maigida ya tafi bakin ruwa inda ake jera gawawwaki. Can da magariba ya hangi wani mutum jiƙe sharkaf yana buɗe fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya. Ɗanmu ne. Ya ji labari a rediyo, ya rufe shagon abincinsa, ya hau babur ya yi tafiyar sa'o'i. Shekara bakwai ba mu neme shi ba. Da ya ga maigida ya ce, "Baba, ina Inna?"

Allah ya sa ba ta cikin jirgin, wata hanya ta bi, ta kwana a gidan 'yar'uwarta. Da ta dawo da safe ta tarar da shi zaune a waje, a gindin katanga, gama an ce kada ya sake taka gidan. Ta kama hannunsa ta shigo da shi. Muka durƙusa mu biyu muka roƙe shi gafara. Maigida ya so ya ƙara da 'yar nasiha, sai ya ce, "Baba, ayoyin na haddace su tun kafin a karanta mini su. Ba aya na rasa ba, gida na rasa."

Yanzu yakan zo da Kirsimeti da Ista, ya zauna tare da mu a addu'ar iyali. Majami'a kam bai koma ba tukuna. Akwai 'yan'uwa da suka daina cin abinci a gidanmu saboda shi, abin yana yi mana ciwo. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mun bar ba da hatsi da riba. Maigida kuma ya tashi a taron dattawa ya ce hukuncin da ya rubuta a kan Gwaggo da mugun nufi aka yi shi. Ita dai ba ta nan da za ta ji.

Domin addu'ar iyali

Ga abin da muke roƙonku, ku iyaye. Idan za ku karanta aya a kan wani, ku karanta surar duka, daga farko har ƙarshe. Ku tambaya wa aka rubuta wa, me kuma ya faru aka rubuta. Idan kuka ce wannan aya ta zamanin dā ce, waccan kuwa ta har abada, ku faɗi dalilinku a fili, ku kuma yarda a auna ku da shi. Ku fara neman ayar da ta taɓa aljihunku da harshenku da hannunku kafin wadda ta taɓa maƙwabci. Idan ɗanku ko 'yarku suka kawo muku asirin da yake cin ransu, ku riƙe shi kamar ƙwai, gama a ƙasarmu jita-jita tana iya kashe mutum. Idan kuma akwai wata Gwaggo a majami'arku, ku tuna wa ya riƙe fitila sa'ad da ba kowa.

A wannan wata ku karanta Luka 6:36-42 tare da 'ya'yanku. A can Ubangiji ya yi maganar mudu, ya nuna cewa da wanda muka auna wa mutane za a auna mana. Bayan karatu kowa ya tambayi kansa: wa na taɓa jifa da aya? Akwai wanda ya kamata in nema tun yana da rai?

Ya Uba, ka ba mu mudu ɗaya. Ka koya mana mu ci gaba da karatu har mai maganar ya gama. Cikin sunan Yesu, Amin.